Allon da Surukina Bai Ƙarasa Ba

Ranar Talata da hantsi muka kai shi makwancinsa. Kafin a ɗauki makara liman ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce duk wanda mamacin nan ya saɓa wa ya yafe masa, domin yau ba shi da bakin roƙo. Sahu uku na mutanen Unguwar Kanawa suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Ni ma na motsa leɓe tare da su. Amma na san wanda Baba ya shekara ashirin yana neman yafiyarsa ba ya cikin sahun nan.

Baba surukina ne, mahaifin mai ɗakina. Bakano ne, kafinta, ya zo Kaduna tun yana saurayi, ya zauna a gidan nan mai shago a jikin katanga har rai ya yi halinsa. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa. A cikinsu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa hawa kujera yana kan tabarma ba. Ni mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati, shi ya sa yake ce mini Akawu, ko da yake matsayina bai kai nan ba.

A zaman makoki kowa ya kawo abin da ya sani. Tela maƙwabcinsa ya ce ƙyauren ɗakinsa Baba ne ya yi tun zamanin Turawa, har yau bai taɓa yin ƙara ba. Wani malami ya ce akwai allon aduwa a makarantarsa, sassaƙar Baba, uba ya yi karatu da shi, ɗa ya yi. Tsohuwa mai waina ta bakin layi ta aiko a gaya mana sau huɗu yana gyara mata kujera 'yar tsugunno, kuma ko sau ɗaya ba ita ta kai masa ba, shi yake gani a wucewa ya ɗauke. Aka yi ta "Allah ya jiƙansa," aka yi ta shafa fatiha. Can sai wani dattijo ya sassauta murya ya ce, "To, abin nan da ke cikin shagon fa?"

Baffa, ƙanen marigayin, wanda tun safe hawaye bai tsaya masa ba, ya sunkuyar da kai. Sauran suka dube ni, domin an san makullin shagon yana aljihuna.

Ranar sadakar uku na wuce ta bakin famfo, na ji wata tana ce wa wata, "Ashe tsohon nan mai ajiye gunki ya rasu." Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta ji ana faɗa. Maganar nan ce ta sa na zauna na rubuta abin da na sani. Ban iya tsara magana ba, aikina buga ta wasu ne. Amma ba na so a tuna da shi da wannan suna.

Abin da ke shagon hoto ne da aka zana a jikin katako. Baba yana ce masa allon Fada, saboda limamin cocin da ya kawo shi. Tsawonsa kamu biyu da rabi, samansa mai tsini. A jikinsa an zana mace zaune a kan kujera, ta yafa shuɗin mayafi, da yaro a kan gwiwarta yana riƙe da bakin mayafin, da mala'iku biyu a dama biyu a hagu. Bayansu duka zinariya ce, babu sama babu gari. Kiristoci suna cewa Nana Maryama ce da ɗanta Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma a gaban irinsa wasunsu suke durƙusawa su yi addu'a. Mu ba mu yarda a yi wa annabawa sura ba. Baba ma bai yarda ba, har ya koma ga Allah. Wannan nake so a fara riƙewa.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, wani tsohon Bature, Fada, wato limamin wani ƙaramin coci da ke Abakpa, ya kawo allon shagon Baba a bayan mota. Katakon ya fara kantarewa saboda bushewar ƙasarmu, an kuwa gaya masa babu mai miƙar da ƙyaure kamar kafintan Unguwar Kanawa. Ya ce yayansa ne ya zana shi can ƙasarsu, ya kwaikwayi wani tsohon allo da ya yi ɗaruruwan shekaru a cocin garinsu, da irin kayan da mutanen da suka yi aiki da su. Yayan ya tafi yaƙin duniya bai dawo ba. Abin da ya rage masa na ɗan'uwansa ke nan.

Baba ya karɓi aikin da sharaɗi ɗaya, cewa ba zai dubi fuskar ba. Ya shimfiɗa bargo, ya kife allon a kai, ya yi masa abin da yake yi wa ƙyaure. Ya jiƙa bayan, ya danne da duwatsu har ya miƙe, sannan ya gitta masa sanduna biyu na maɗaci, ya shafa gam, ya ɗaure da ƙusoshi masu murɗi, tam, ko allura ba ta shiga. Fada ya zo ya yi murna ya tafi da kayansa. Damina ta wuce lafiya. Rani na tsayawa, wata rana da tsakar rana allon ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya dare tun daga sama har ƙasa. Tsagar ta bi ta kan idon uwar na hagu, ta sauko ta kumatu, ta bi mayafin har ƙafar kujera. Fenti ya zube faɗin yatsa.

Sau ɗaya tak Baba ya ba ni labarin nan, yana kwaikwayon Hausar Fada, wadda ya ce irin ta cikin littafi ce. "Nan ya sauke shi, inda kake zaune. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, 'Kafinta, kai ka yi aiki da ƙarfi ƙwarai. Amma itacen nan yana so ya motsa, kai kuwa ka ɗaure shi.' Akawu, da zagina ya yi da na fi samun sauƙi."

Daga nan ya sami maganar da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace. Yakan ce, "Katako bai mutu ba, sare shi kawai aka yi. Da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. In ka hana shi motsi zai nemi hanya ta inda ba ka so."

Fada ya bar allon a shagon. Ya yi 'yan makonni yana zuwa, yana nuna wa Baba yadda ake haɗa kayan gyara. Ya bar masa zinariya da aka buga ta zama fallaye kamar ɓawon albasa, da wani babban littafi mai hotuna. Sai ciwo ya kama shi, aka mayar da shi ƙasarsu, ya ce zai dawo bayan damina. Shekara biyu shiru. Wata rana kukunsa ya zo sayen benci, a bakinsa Baba ya ji tsohon ya rasu.

Abin da Baba ya yi a shekarun da suka biyo baya a hankali ya yi shi, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, lokacin da ba ya karɓar aikin kowa. Ya cire sandunan maɗacin nan. Ya fafe sababbi masu kwarmi, waɗanda allon zai riƙa zamewa a cikinsu, ba ƙusa ba gam. Ya haɗa tsagar. Ya roƙo guntayen fata wajen dukawa, ya dafa har suka zama gam, ya kwaɓa da alli, ya cike ramin shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe ya goge shi sumul. Zinariyar da ta zube ya mayar, yana rufe hanci da baki da bakin rawani don kada numfashi ya kwashe ta. Ƙananan ɗigon da aka buga a da'irar da ke kewaye da kawunansu, ya wasa ƙusa ya sake buga su ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai ba shi wuya ba, domin mahaifinsa mai zayyanar allo ne a Kano, a gabansa ya koyi tsayar da hannu. Shuɗin mayafin ne ya ci masa shekara huɗu. Shuni ya yi duhu, bula ta yi haske, sai da ya gano yadda zai auna su.

Wuri ɗaya ya rage. Daga girar uwar zuwa haɓarta akwai farin layi na alli, faɗin yatsa, an shirya shi tsaf yana jiran launi. Nan ne ido yake. Nan Baba ya tsaya.

Ni ban san da allon ba sai shekarar da ɗanmu na fari ya rasu, yana da wata takwas. Kwana biyar da binne shi na je gaishe su. Ina durƙushe a zaure sai Baba ya ce, "Akawu, in ba ka sauri, zo ka kama mini wani aiki." Bai taɓa kirana shagonsa ba. Ya ba ni ƙaramin dutsen niƙa da ƙullin shuni, ya ce in niƙa har sai na daina jin tsaki-tsaki a ƙarƙashin dutsen. Tun azahar nake niƙa har la'asar. Bai ambaci yaron ba, ni ma ban ambata ba. Da zan tashi sai ya yaye zanen da ya rufe allon. Ya ce, "Dubi idon da ya rage mata. Ba ɗan take kallo ba, ba mu take kallo ba. Wanda ya yi wannan ya san rashi." Ya mayar da zanen. Ta'aziyyar da ya yi mini ke nan, kuma duk cikin waɗanda aka yi mini ita ce ta zauna.

Daga ranar na zama ni kaɗai yake yi wa zancen allon. Ina jin don ni ba jininsa ba ne, kuma kunya ba za ta bar ni in yi masa gardama ba. Ya nuna mini littafin Fada yana tsammanin zan karanta masa. Ba Ingilishi ba ne, ko kalma ban gane ba. Ya ce ba komai, shi ya riga ya karance shi da ido. Ya raba hotunan ciki gida biyu, ya raɗa musu suna, masu zinariya da masu inuwa.

"Na farkon nan," in ji shi, "sun ajiye mutanensu a inda babu rana babu dare. Dubi yatsu, dogaye kamar tsinke. Babba an yi shi babba don darajarsa, ba don yana kusa da kai ba. Ba su damu ka ce ka taɓa ganin irinsa a kasuwa ba." Ya lashi yatsa ya buɗe gaba. "Waɗannan kuma jikokinsu ne. Sun kwashe zinariyar, sun sa sama da tsauni da hanya. Sun ba kowa inuwarsa. Ka ga ɗakin nan? Zan iya gaya maka katako nawa zai rufe shi."

Na ce, "To Baba, namu fa, wane gida yake?"

Ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. "Namu a bakin ƙofa yake tsaye, bai shiga ba bai fita ba. Mala'ikun nan na tsohuwar hanya ne, an ɗora wani a kan wani, ba su taka komai ba. Amma dubi kujerar. Tana da gefe, tana da ciki, kafinta zai iya yin ta. Dubi gwiwarta yadda ta lotsa, yaron nan yana da nauyi. Mutumin ya ga sabon abu ya so shi, sai dai bai iya rabuwa da zinariyar iyayensa ba."

A bakin tsagar ya nuna mini inda fentin kumatun ya ɓare. Ƙarƙashinsa kore ne. Ya ce, "Da kore suke farawa, sannan su sa jini a kai." Ya jawo wani guntun katako daga bayan akwatin kayan aiki. Launin kumatun ne sak, in ka kara su ba ka bambantawa. Amma fili ne kawai, babu ido babu hanci. Ranar na gane ba kasawa ya yi ba.

Mutum ne da ba ya wuce katako bai ƙwanƙwasa ba. Ko dubiya ya je sai ka ga hannunsa ya zame ƙarƙashin benci yana lalube, ya ji yadda aka haɗa. Ranar da ya fara taka gidana ya zauna a kan wata kujera da na sayo a kanti ina taƙama da ita. Ya ɗan girgiza ta. Ya ce wa Inna, surukata, ba ni ba, "Gaya wa mutanen gidan nan su aiko da ita kafin ta kunyata su gaban baƙo."

Inna ita kaɗai take tsokanarsa ya rama. Launin allon ba da mai ake kwaɓa shi ba, da gwaiduwar ƙwai ne. Duk Juma'a sai ya shiga akurkin kajinta ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya fasa, ya ware gwaiduwar, ya kawo mata farin a ƙoƙo. Ta ce, "Malam, kazar nan tawa ce ko ta Fada? Shi gwaiduwa, ni ruwa." Ya ce, "Ke da ba ki da haƙori, ruwan ya fi miki." Ta ce, "Me ya cinye haƙoran in ba tsakuwar tuwon gidanka ba?"

Da damina yakan shigar da allon ɗakinsa saboda rufin shagon yana yoyo. Wata ƙaramar Sallah Baffa, wanda yake sayar da yadi a kasuwa, ya shiga gaisuwa ya gan shi jingine a bayan gado. Ina durƙushe a bakin ƙofa.

"Yaya, mene ne wannan a ɗakin da kake nafila?"

"Kayan mutane ne."

"Kayan mutane! Ka fi ni sanin mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Shekara nawa yanzu? Mai shi ya zama ƙasa. Ka haɗa shi da itacen girki, ka huta, mu ma mu huta da bakin mutane."

Baba ya dubi allon. Sannan ya ce, "Maganar ɗaki ka yi gaskiya. Maganar wuta ba ka yi ba. Amana ba ta tambayar addinin mai ita."

Ko rigar Sallah bai cire ba ya ɗauki allon ya mayar shago, ya hau ya gyara kwanon rufin da kansa. Tun ranar allon bai sake ƙetare zaure ba. Baffa ya yi wata bakwai bai tako gidan ba. Da suka shirya ba wanda ya sake tayar da zancen.

Baba ya kai maganar idon gaban liman, abokinsa tun suna samari. Ya ce, "Malam, in na cike idon nan na yi sura da hannuna. In ban cike ba na mayar wa mutane kayansu a ɓace, kuma ni na ɓata. Wanne zan ɗauka zuwa kabari?" Liman ya ce ya nemi Kirista mai zane ya cike, shi ke nan ya fita. Aka samo wani daga Rafin Guza, mai yi wa manyan motoci zanen zaki da dabino. Ya zo da gwangwanin fentin mai da buroshi mai kauri. Ya dubi allon ya ce, "Baba, wannan ai aikin minti goma ne. In kana so har jan baki sai in ƙara mata." Baba ya rufe allon, ya ba shi goro biyu, ya raka shi har bakin titi yana yi masa godiya. Da ya dawo ya ce mini, "Na ɓata ta sau ɗaya, ya isa."

Za a ce me ya hana shi mayarwa haka nan. Ni ma na tambayi kaina. Daga shagonsa zuwa cocin nan tafiyar ba ta kai rabin sa'a a ƙasa ba. Sau biyu da na sani ya naɗe allon a bargo, ya ɗora a ka, ya kai bakin titi ya juyo. Na farko ya ce hadari ya taso. Na biyu bai ce komai ba. Abin da na fahimta, bai saba mayar da aiki rabi ba. Kuma wanda zai ce wa "na ɓata maka" ya san girman abin da aka ɓata, ya riga ya mutu.

Inna ta rasu shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Aka raba kajinta. Bayan arba'in na same shi a shago ranar Juma'a, ya sayo ƙwai ɗaya, ya fasa, ya ware gwaiduwar, ya tsaya riƙe da ƙoƙon farin yana duban ƙofar gida. Ya daɗe a haka. Sannan ya zuba wa kyanwa. A lokacin babu sauran wurin da zai shafa wa launi, an gama komai tuni. Yakan kwaɓa ne kawai, ya zauna gaban allon har launin ya bushe a kasko. Abokan sana'arsa wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu. 'Ya'yansa maza suna aiki nesa. Mai ɗakina takan kai masa tuwo ta tarar da na jiya bai taɓa ba.

Ciwon ajalin kwana tara ne. Ana jibi zai rasu, da la'asar, ya ce kowa ya fita a bar masa Akawu. Ya zaro makullin shago daga ƙarƙashin matashi.

"Ka kai musu."

"To, Baba."

"Saurara. Na san ka, za ka so ka rufa mini asiri. Kada ka fara da gyaran. Ka fara da cewa ni na fasa. Ka faɗi yadda aka yi. Sannan ka roƙa mini."

Na ce, "Baba, wa zan roƙa?"

Ya rufe ido. "Wanda ka tarar."

Bayan sadakar bakwai Baffa ya kira ni gefe. Ya ce kafin a zauna rabon gado a fitar da abin nan, a haƙa rami a bayan gari a binne. Ya ce, "Ba ƙinsa nake yi ba, ɗana. Tsoro nake ji masa. Nono ɗaya muka sha." Na gaya masa wasiyyar. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Har a ƙarshen ma?" Na ce har a ƙarshen. Ya ce, "To je ka. Amma ka bi ta bayan layi."

Ban bi ta bayan layi ba. Ranar Asabar da safe na naɗe allon a bargo na ɗora a ka. Tela ya leƙo ya ce, "Akawu, an bar tafireta an koma dako ne?" Na ce saƙon Baba ne. Ya tsayar da keken ɗinkinsa.

Cocin ba ƙarami ba ne yanzu, an rushe na da an gina na siminti. Fadan da na tarar ɗan ƙasa ne, matashi, mutumin kudancin Zariya, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya sauke ni a barandar gidansa, ya kawo mini ruwa. Na kwance bargon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa ya yi alamar da suke yi a goshi da ƙirji.

"Malam, daga ina wannan?"

"Naku ne."

"Namu?"

Ya kira wasu dattawan cocin biyu da ke gyaran shinge. Ɗaya ya ce shi bai daɗe da zuwa Kaduna ba. Ɗaya ya ce kamar ya taɓa ganin wani abu mai ƙyalli a tsohon ginin, amma ba zai rantse ba. Waɗanda suka san tsohon Fada sun watse lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa, ba su dawo ba. Babu wanda yake jiran allon. Babu ma wanda ya san an rasa shi.

Fada ya zagaya bayan allon, ya taɓa sandunan ya ga suna zamewa, ya ce wanda ya yi wannan gwani ne. Ya ce lalle a hannunsu ya fashe tun da can, wani bawan Allah ya ɗauka ya raya shi. Ya shiga yi mini godiya.

A nan na ga abin da Baba ya hango. Da na yi shiru, da alheri zalla za a san shi da shi a wurin nan. Ban taɓa faɗin laifin surukina gaban kowa ba, balle baƙo, balle yana kwance a ƙasa kwana goma sha ɗaya.

Na ce, "Fada, ba haka aka yi ba. Shi ya fasa." Na faɗi maɗacin da gam da ƙusoshin da ranin. Na faɗi yayan da bai dawo daga yaƙi ba. Na faɗi dalilin farin layin, cewa ya iya, ƙi ya yi. Ɗaya daga cikin dattawan ya riƙe haɓa ya ce, "Shekara ashirin? A Unguwar Kanawan nan, nan kusa?" Na ce nan kusa. Sannan na ce, "Ya ce in roƙa masa yafiya wajen wanda na tarar. Kai na tarar."

Fada ya zauna a kan dakali. Ya ce, "Malam, ni ban san wanda ya kawo shi ba, ban san wanda ya zana ba. Ba a ɓata mini komai ba. Yaya zan yafe abin da ban rasa ba?"

Na ce ban sani ba. Na ce ni dai ba zan iya tsayawa a kan kabarinsa hannu rabbana ba.

Ya dubi dattawan, suka dube shi. Ya sake duban fuskar, idon da ke akwai da wanda babu. Ya ce, "A madadin tsohon Fadan nake zaune a nan, inda ya tsaya nake tsayawa ranar Lahadi. In hakan ya isa, to na yafe masa, duniya da lahira." Dattawan suka ce su ma sun yafe.

Ya ce in ba shi sunan marigayin ya rubuta a bayan allon, don waɗanda za su zo bayansa. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya gane, ɗan ƙasa ne, ya san kunyar suruki. Ya zare fensir daga kunnen ɗaya daga cikin masu gyaran shingen ya miƙo mini. Na tsuguna na rubuta a jikin sandar sama, sunan da sana'ar da unguwar. Na tambaye shi ko za su sa a cike layin. Ya ce bai sani ba tukuna, sai ya zauna da shi ya gani.

Daga can maƙabarta na wuce, da bargon a kafaɗa. Rana ta take, babu kowa. Na tsaya wajen kansa na yi sallama. Na ce, "Baba, na kai. Na fara da inda ka ce. Sun yafe."

Abin da ke tsakaninsa da mutane ya ƙare ranar. Wanda ke tsakaninsa da Ubangijinsa kuwa, Shi ya fi kowa sanin dalilin da ya sa bawansa ya tsayar da hannu saura faɗin yatsa aiki ya cika. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da Inna cikin rahama. In tamu ta zo, Allah ya sa a sami mai kai mana saƙo.